Sharhi: Duwatsun Abzin, Jarin Da Ke Kwance

A shekarar 1988 Jamhuriyar Nijar ta keɓe gandun Abzin da Tenere, mai faɗin kadada miliyan 7.7, kuma a 1991 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren gado na duniya. A wancan zamani, da sanyi ya shigo, Turawa kan sauka Agadas su ɗauki jagora da raƙuma, su yi kwanaki suna hawan duwatsu a ƙafa, suna kwana cikin tanti. Kuɗinsu kan shiga hannun mai raƙumi, direba da maƙerin azurfa kai tsaye.

Tawayen Abzinawa na 1990 zuwa 1995 da na 2007 zuwa 2009, gami da satar baƙi, sun durƙusar da wannan sana'a. Kasuwar da ta dogara ga mai saye ɗaya, ranar da bai zo ba ta watse.

Tsaro aikin gwamnati ne, kuma sai da shi. Amma ya kamata 'yan kasuwar Kano, Katsina da Damagaram, waɗanda kakanninsu suka yi ciniki da ayarin Abzin, su fara shiri tun yanzu: masauki, motoci da tantuna bisa farashin da ɗan ƙasa zai iya biya. Da baƙin gida za a farfaɗo da ita.