Darasi Daga Zauren Tauraron Gabas Na Alƙahira

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Bayan haka, 'yan uwa, akwai wani zaure a tarihin Masar wanda ya wajaba duk mai kishin gyara ya san labarinsa.

A shekarar 1871 aka buɗe Kaukabus Sharƙi, wato Tauraron Gabas, a birnin Alƙahira. Reshe ne na ƙungiyar asiri ta Masoniyya, ƙarƙashin uwar ƙungiya ta Ingila. A shekarar ce kuma Sayyid Jamaluddin Afgani ya sauka Masar. Daga baya ya shiga zauren, har ya shugabance shi a 1878, bisa zaton ya sami dandalin yaƙar zalunci. Da ya taɓo sha'anin mulki, sai ya tarar dokar gidan ta haramta zancen siyasa. Ya fice, ya kafa nasa. A 1879 Sarkin Masar Taufiƙ ya kore shi daga ƙasar, a 1882 sojojin Ingila suka mamaye ta.

Gwamnatin Masar ta rufe zaurukan Masoniyya a 1964, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka kuma ta haramta shigarsu a 1978.

Ba mu kawo wannan don rage darajar Afgani ba. Abin lura shi ne, idan malami mai basirarsa ya ruɗu, ina ga irinmu? Zanen aro ba ya rufe katara. Mu dai mun tsaya a kan cewa gyara a fili ake yinsa, a masallaci da makaranta, ba bayan rantsuwar ɓoye ba.

Allah Ya sa mu dace, amin.