Littattafan Da Mayaƙan Sama Suka Rubuta A Gidan Fursuna

Jama'a, akwai wani irin littafi da mu ke so mu jawo hankalin 'yan'uwanmu ɗalibai da malamanmu a kansa, watau littafin da mayaƙan sama na Ingila da Amurka suka riƙa rubuta labarin kwanakinsu a ciki, sa'ad da su ke tsare a hannun Jamusawa cikin Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945. A ganinmu waɗannan 'yan littattafai sun cancanci a karanta su kamar yadda a ke karanta na manyan hafsoshi, kuma akwai nauyin da suka ɗora mana mu masu neman aikin malanta.

Ga yadda abin ya faru. A rundunar jiragen Ingila masu jefa bom kaɗai, mutum fiye da 55,000 suka halaka, kusan 10,000 kuma aka kama. Wanda aka harbo jirginsa, in Allah ya yi da sauran kwanansa, sai ya diro da laima, a kama shi, a yi masa tambayoyi, a kai shi sansani. Mafi shahara shi ne Stalag Luft III, wanda aka buɗe a 1942 kusa da garin Sagan, a ƙasar da ta ke cikin Folan yanzu. Bisa ga yarjejeniyar Jeniba ta 1929, ba a tilasta wa hafsan da aka kama yin aiki. Sabo da haka abokan gaban waɗannan samari suka zama uku: yunwa, da sanyi, da zaman banza. Ƙungiyar samarin Kirista ta YMCA ta lura da haka, sai ta riƙa aika musu da littattafai masu fararen shafuka, don ko wa ya cika nasa da abin da ya ga dama.

To, me suka cika su da shi? Abin mamaki, labarin jaruntaka kaɗan ne a ciki. Abinci ya fi yawa. Mutum ya kan lissafa abin da ke cikin ƙunshin da ƙungiyar Red Cross ta aiko, da yadda aka raba burodi a ɗaki, da irin girkin da zai ci ranar da ya koma gida. Wani ya zana ɗakinsu da murhu da shingen waya da hasumiyar masu gadi. Wani ya sa ko wane abokin zamansa ya rubuta sunansa da garinsu. Wani ya jera littattafan da ya karanta, gama a cikin sansanin sun kafa azuzuwa suna koyar da juna harsuna da lissafi da shari'a, har waɗansu suka ɗauki jarrabawar Jami'ar Landan suna tsare. Akwai wani baƙar fatan Amurka, Alexander Jefferson, wanda aka harbo jirginsa a Faransa cikin Agusta 1944. Zane-zanen da ya yi a tsare su ne suka ƙawata littafin da ya fitar a 2005.

Dalilinmu na farko na girmama su shi ne an rubuta su ne kafin a san ƙarshen labari. A daren 24 ga Maris 1944 fursunoni 76 suka fice daga Sagan ta ramin da suka haƙa a ƙarƙashin ƙasa. Uku kaɗai suka tsira zuwa gida, aka sake kama 73, aka harbe 50 bisa umurnin Hitila. A 1963 an yi sinima a kan wannan al'amari, aka ƙara masa gishiri don 'yan kallo. Amma a littattafan fursunonin sai ka tarar da shafi guda an jera sunayen mutum hamsin ɗin, ba wani ado. Wanda ya rubuta su ya ci abinci da masu sunayen, bai kuma san ko gobe shi za a kira ba. Malamanmu na da sun ce abin da aka rubuta shi ke tabbata, abin da aka haddace ya kan gudu.

Dalili na biyu shi ne darajar da masu su suka ba su. A daren 27 ga Janairu 1945, da sojojin Rasha suka matso, aka kwashe fursunonin Sagan a ƙafa cikin ƙanƙara. Ko wa abin da zai iya ɗauka kaɗai ya ɗauka. Duk da haka da yawansu suka cusa littafin a cikin riga, ga shi kuwa ba ya maganin yunwa ko sanyi. Shi ya sa a yau a ke samunsu a gidan ajiyar kayan tarihin yaƙi na Landan da kuma hannun jikoki.

Mai yiwuwa wani ya ce, ai littafin fursuna ba ya faɗin gaskiya duka. Haka ne. Masu gadi su kan binciki ɗakuna, don haka ba mai hankalin da zai rubuta zancen rami. Ban da wannan, hafsoshin sama 'yan gata ne in an gwada su da waɗansu. Fursunonin Rasha kimanin miliyan 3 suka mutu a hannun Jamusawa, galibi da yunwa da cuta, ba wanda ya aika musu da fensir. A sansanonin Japan kuwa, wanda aka kama da irin wannan rubutu ya kan sha azaba mai tsanani. Amma wannan ba ya rage darajar abin da aka rubuta. Abin da ya ke koya mana shi ne mu karanta da lura, mu kuma tuna cewa tarihi ya kan karkata wajen wanda ya sami takarda da alƙalami.

Nan ne zancen ya iso ƙofar gidanmu. Dubban mutanenmu sun yi wannan yaƙi a ƙasar Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Sun ratsa dazuzzuka da kaya a ka, sun binne 'yan'uwansu a can. Kaɗan ƙwarai daga cikinsu suka bar labari da hannunsu, yawancin abin da a ke karantawa game da su hafsoshinsu Turawa suka rubuta. Wanda bai rubuta labarinsa ba, sai ya haƙura da yadda wani ya ba da shi.

Sabo da haka muna roƙon ko wane ɗalibi ya keɓe littafi guda, ya riƙa rubuta layi biyar ko shida ko wace rana, da boko ko da ajami: farashin hatsi, ranar da ruwan farko ya sauka, abin da aka koyar, wanda ya rasu, abin da tsofaffin garinsu suka faɗa masa lokacin hutu. Muna kuma roƙon malamanmu su tanadi akwati a ɗakin karatu don ajiye na waɗanda suka yarda su bari. Kada wani ya ce kwanakinsa ba su isa a rubuta ba, gama fursunan Sagan ma burodi ya ke lissafawa, ga shi yau masana tarihi suna neman lissafinsa. In mun fita muka kama aji, sai mu koya wa yaranmu wannan al'ada. Allah ya sa mu dace, amin.