Kafin A Goge Tsatsar Bindigar Kaka

A gidaje da dama na Zangon Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase har Sabon Zango, akwai wata aba da ke jingine a bayan ƙofa ko a kan sif, naɗe da tsohon zane: bindigar iska ta marigayi mai gida. Da ita yake harbin kurciya a gona, da ita ake korar jemagu daga kan mangwaro, gafiyar da ta addabi rumbu ma ita ce maganinta. In magada suka waiwaye ta, abin da suka fi yi shi ne su miƙa ta ga mai gyara, su ce a mayar musu da ita sabuwa. Shi kuwa sai ya kama ƙarfen da samfefa ko injin gurza, ya fesa baƙin fenti, ya shafe kotar da banish. Ta fito fes kamar amarya, amma ta zama bebiya, domin duk abin da za ta iya faɗa game da kanta ya bi ƙurar samfefa.

Ra'ayinmu shi ne wannan ba gyara ba ne, asara ce, kuma asara ce irin wadda mu mutanen Zango muka daɗe muna yi wa kanmu.

Bindigar iska tana ɗauke da shekarunta a jikinta, ga wanda ya san inda zai duba. Ɗauki Diana, wadda kamfanin Mayer da Grammelspacher na garin Rastatt a Jamus ya shahara da ita. An kafa kamfanin tun 1890. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an kwashe injinansa, sunan Diana kuma ya koma hannun kamfanin Milbro a Sikotilan. Shi ya sa za ka ga Diana mai tambarin ƙirar Birtaniya, alhali ta Jamus da aka sayar a kasuwar Ingila a wancan zamani tana ɗauke da sunan "Original". In ka ga an buga "Made in West Germany", to ka san ba ta riga 1949 ba, ba ta kuma wuce 1990 ba, domin tsakanin nan ne kawai aka yi ƙasa mai wannan suna. Da yawansu ma suna da wasu 'yan lambobi ƙanana can wajen ƙarshen tulun iskar, na farko wata, na biyu shekara. Ƙanƙantarsu ta kai a ce shafar samfefa biyu ta isa ta tafi da su.

BSA ta Bamingham, mai alamar bindigogi uku a jingine da juna, ta fara ƙera na iska a 1905. Samfurinta Airsporter ya fito a 1948, Meteor kuma a 1959, harafin da ke gaban lambar kowace kuwa yana nuna zubin da aka yi ta a ciki. Wasu tsofaffin BSA ma rubutunsu ba bugawa aka yi ba, zana shi aka yi sama-sama a fatar ƙarfen, ta yadda ko goga mai ƙarfi na iya share shi.

A nan ne maganar ke yin ɗaci. Kowace bindiga a Zango tana da labarinta, kuma labari, kamar yadda aka sani, yana ƙara ƙiba in ya kwana. Wannan a ce kaka ya dawo da ita daga yaƙin Bama, waccan a ce ta ga yaƙin Yaa Asantewaa. Gaskiya ne sojojin Gwalkwas sun yi yaƙi a Bama, kuma gaskiya ne akwai sojojin Hausa a cikin ganuwar Kumasi lokacin da Tonawa suka yi wa Gwamna Hodgson ƙawanya a 1900. To amma Meteor ɗin da aka fara ƙerawa a 1959 ba ta je Bama ba, yaƙin ya ƙare tun 1945. Wasu na ganin faɗin haka cin fuskar mamaci ne. Mu ba mu ga haka ba. Mutumin da ya tara kuɗin goro ko na fawa ya sayi bindigar Ingila a zamanin Nkrumah, shi ma yana da tarihi, kuma tarihinsa na gaskiya ya fi wanda jikoki suka ɗinka masa daraja.

Haka abin yake ga bindigar toka da ake bugawa a bukukuwan sarauta. Wadda aka ƙera a Liyej ta Beljiyam tana da haruffan ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai, in da kambi a kai to daga 1893 zuwa gaba ne. Wadda ba ta da tambari kwata-kwata kuwa, galibi aikin maƙeran gida ce, ita ma akwai abin karantawa a hannun wanda ya yi ta.

Mai karatu zai ce, duk wannan a kan abin harbin kurciya? Mu tuna ko mu su wane ne. Musulmi 'yan kasuwa da malamai suna Kumasi tun kafin Bowdich ya zo ya same su a 1817, Zango kuma ya bunƙasa bayan Turawa sun kama Prempeh na Ɗaya a 1896. Duk da haka, a watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar, mutane suka sayar da kayansu a wulaƙance, wasu suka tafi suka bar su. Bindiga ba takardar haihuwa ba ce, shekarar ƙira ma ba ita ce shekarar isowa Zango ba. Sai dai al'ummar da ake yawan tambaya yaushe ta zo ba ta da rarar kayan tarihin da za ta riƙa gogewa. A tsohuwar ganuwar nan, wadda yanzu gidan tarihin sojoji ce, ana ajiye makamai ana rubuta asalinsu. Mu kuma namu muna kai su a yi musu wanka.

Akwai masu goge lamba da gangan, don tsoron hukuma. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Rajistar makamai a Ghana aikin 'yan sanda ne, kuma abin da aka kankare lambarsa ya fi jawo tuhuma a kan wanda aka kai da lambarsa a ce gado ne. Wanda ya gaji irin wannan, ya fara da tambayar matsayinta a doka kafin ya tambayi mai fenti.

Ba muna cewa a bar ta ta ruɓe ba. Abin da ke mutuwa a cikinta sananne ne: sifirin da ya gaji ko ya karye, da 'yar fatar da ke kan fistan, wadda ke tura iska in an ja kunama. Fatar ce ke bushewa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗura mata baƙin mai, sai matsin iska ya kunna shi kamar a injin dizal, a ji ƙara da hayaƙi a ɗauka ƙarfi ta yi, nan kuwa fata ce ke ƙonewa, sifirin na shan wuya. Harba ta ba dalma a ciki ma haka yake lalata ta. Buɗe ta kuwa ba aikin yara ba ne, sifirin a matse yake, yana iya fitowa ya fasa fuska. Tsatsar waje, ɗan mai mara kauri da soson ƙarfe mai laushi sun ishe ta, a hankali, a tsaya da zarar rubutu ya bayyana. A ɗauki hoton kowane tambari kafin a taɓa komai, a rubuta sunan mai ita da abin da tsofaffin gida suka tuna, ko da ya saɓa da lambar. A ajiye duka biyun.

Fatar fistan kuwa, wadda masu tara irin waɗannan a Turai ke aikawa a sayo musu, mu ba sai mun je ko'ina ba. Duk badukun da ya iya yanka fatar kube ko ta linzami a Zango zai iya yanka ta, in an kawo masa tsohuwar ya gwada.