Ba kowane tari ba ne tarin fuka

Ƴan'uwa, in tari ya wuce mako biyu, ko kaki ya fito da jini, mu tafi likita. Wani lokaci sankarar huhu ce.

Cutar nan iri biyu ce. Ɗaya tana saurin yaɗuwa. Ɗayar ita ta fi yawa, wajen 85 cikin 100, kuma ba ta kai ta farko sauri ba. Lokotoro yakan ɗauki hoton ƙirji, ya tsinko ɗan naman huhu a bincika. In an gano ta da wuri, ana cire ta da fiɗa. A 2021 aka fara gasa sankara da na'ura a Yamai.

A ganina, jinkiri da maganin talla su ke cutar mu. Taba ce babban sanadi. Mu bar ta, rigakafi ya fi magani.