Cinikin biri a sama: Yadda sa hannu a Abuja ke tsayar da motar gwamnati a hanyar Mubi

Akwai wata irin takarda da ke yawan sauka a teburin jami'an sufuri da na sayayya a ma'aikatu da hukumomin tarayya. Ofishin shiyya ne ya rubuto cewa a-kori-kurarsa mai amfani da dizal ta fara karkarwa a kan hanya, giyarta na zamewa, makanike kuma ya ce sai an sauya kwanbata. An haɗo da takardun farashi guda uku, kuma tazarar da ke tsakanin mafi tsada da mafi araha tana da faɗi. Jami'in da fayil ɗin ya zo gabansa bai taɓa ganin kwanbata ba, yana da wasu fayiloli masu jiransa, don haka sai ya zagaye mafi ƙarancin kuɗi ya sa hannu. A ganinsa ya tsare dukiyar gwamnati. Idan motar a Mubi take aiki, akwai yiwuwar cewa wannan sa hannu ne zai tsayar da ita a daji bayan 'yan watanni.

Mubi gari ne da ke nuna illar irin wannan shawara fiye da yawancin garuruwa. Yana arewacin Jihar Adamawa, kimanin kilomita 200 daga Yola ta hanyar Song da Gombi da Hong, a gindin duwatsun Mandara, dab da iyakar Kamaru. Gari ne na kasuwanci, mai babbar kasuwar shanu, mai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa. Boko Haram ta mamaye shi a ƙarshen watan Oktoban 2014, aka ƙwato shi a watan Nuwamba na shekarar, kuma tun daga lokacin ayyukan tsaro da na agaji da na sake gina yankin suke tafiya a bayan a-kori-kura. Motar da ke kai ma'aikata Sahuda ko Maiha, ko ta nufi Michika da Madagali, tana hawan tudu da kaya, tana ratsa yashi da rani da taɓo da damina, a cikin zafin da kan kusanci digiri 40 a watannin Maris da Afrilu. Idan ta tsaya, aikin da ta ɗauko ma ya tsaya: allurar rigakafi da ke cikin akwatin sanyi, ko sintirin kan iyaka, ko mara lafiyar da ake hanzarin kaiwa asibiti.

Kafin a yi hukunci a kan farashi, ya dace a san abin da ake saye. A motar da direba ke sauya giya da hannunsa, kuloci ne ke haɗa inji da akwatin giya. A motar otomatik kuwa, kwanbata ne ke wannan aiki. Wani rufaffen ƙarfe ne mai siffar ƙwarya biyu da aka kife, cike da man giya. A cikinsa akwai fanka guda da inji ke juyawa, tana watsa mai a kan fanka ta biyu, ita kuma ta juya giya. Tsakaninsu akwai ta uku, ƙarama, wadda ke karkatar da man ya koma ya ƙara wa ta farko ƙarfi, shi ya sa mota mai nauyi ke iya tashi daga tsaye ba tare da inji ya mutu ba. Injiniyan Jamus Hermann Föttinger ne ya ƙirƙiro dabarar a farkon ƙarni na 20 domin jiragen ruwa, daga baya masu ƙera motoci suka ɗauke ta. A motocin zamani an ƙara wani faifan kuloci a cikin kwanbatan, wanda ke damƙe inji da giya su zama abu guda idan mota ta miƙe hanya, domin rage shan mai da rage zafi.

Abu biyu ke fitowa daga wannan bayani. Na farko, kwanbata da walda aka rufe shi. Mai saye ba ya ganin cikinsa, makanike ma ba ya gani. Wanda faifan cikinsa ya cinye da wanda ke da lafiya kamarsu ɗaya a ido, musamman idan an wanke an fesa fenti. Hausawa na kiran irin wannan ciniki cinikin biri a sama. Na biyu, kowane kwanbata an auna shi ne da injin da zai yi aiki da shi. Injin dizal yana bayar da ƙarfinsa tun yana juyi kaɗan: injin Hilux mai lita 2.8 da ya fito a 2015 yana kai ƙololuwar ƙarfin murɗawarsa tun daga juyi 1,600 a minti, alhali injin fetur mai lita 2.7 sai ya doshi juyi 4,000. Kwanbatan da aka auna wa injin da ke buƙatar juyi mai yawa zai bar injin dizal yana ta gurnani, mai yana ta zagaye, mota ba ta ja yadda ya kamata. Ƙarfin da bai isa taya ba zafi yake komawa, zafi kuma shi ne ajalin akwatin giya. Don haka cewar mai shago "ai zai shiga" ba hujja ba ce. Shiga daban, dacewa daban.

Kasuwa kuma ba nau'i ɗaya take sayarwa ba. Akwai sabo fil daga kamfanin da ya ƙera motar, ta hannun dillalinsa. Akwai sabo daga kamfanoni masu zaman kansu, ko wanda aka yanka aka sabunta kayan cikinsa aka mayar da walda aka daidaita nauyinsa a masana'anta. Akwai na hannu da aka kwance daga wata mota a ƙetare, wanda ake kira ɗan Beljiyam, irin wanda ke cika rumfunan Ladipo a Legas da Apo a Abuja da Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano. Sannan akwai na huɗu, wato mataccen kwanbata da aka yi wa kwalliya aka sa a sabon kwali. Duka huɗun suna iya bayyana a takardar farashi da suna guda, kuma babu abin da zai bambanta su a idon jami'in da ke Abuja sai adadin kuɗi. Mafi araha a jerin shi ne wanda ya fi kusa da zama na huɗu.

Wannan ba yana nufin duk abin da bai fito daga kamfanin motar ba jabu ne. Kamfanoni irin su Aisin da Exedy na Japan suna ƙera irin waɗannan kayayyaki ne wa masu ƙera motocin kansu. Ɗan Beljiyam mai lafiya ma yana nan, kuma mutum mai motar kansa yana da 'yancin gwada sa'arsa da aljihunsa. Haka kuma tsada kaɗai ba shaida ba ce. A Amurka, masu manyan a-kori-kura na Ford da Ram da Chevrolet suna sayen kwanbata mai faifai uku da murfi mai kauri, saboda sun ƙara wa injinansu ƙarfi, suna kuma jan tirela mai nauyi. Tallar irin waɗannan ta cika intanet, amma motar ofis da injinta ke yadda kamfani ya fitar da shi ba ta buƙatar su. Abin da take buƙata shi ne kwanbatan da lambarsa ta yi daidai da lambar shasinta, daga hannun wanda zai amsa idan ya lalace.

Za a ce kuɗi ne babu, kuma akwai gaskiya a ciki. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, duk kayan gyaran da ake shigowa da su sun yi tashin gwauron zabo, kason kula da motoci kuwa bai bi su ba. Sai dai lissafin araha yana rushewa idan aka bi shi zuwa ƙarshe. Ba a isa ga kwanbata sai an sauke akwatin giya gaba ɗaya, don haka duk sauyi na biyu ladan aiki ne na biyu da man giya na biyu. Idan kwanbatan ya farfashe a ciki, garin ƙarfe da na faifai yana bin mai ya shiga giya da na'urar sanyaya man, sai gyaran ƙaramin abu ya zama sayen akwatin giya sukutum. Motar otomatik ba a tayar da ita da turi, kuma janta da igiya tafiya mai nisa tayoyinta na baya a ƙasa yana ƙara lalata giyar, saboda famfon mai ba ya aiki idan inji a kashe yake. Ke nan sai an nemo janwe daga gari, a hanyar da ba kowane direba ke son dare ya riske shi a kai ba. A ƙara da makonnin da ofis zai yi yana hayar mota. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, kuma a nan ba ta ma tsimi.

Za a kuma ce doka ce ta tilasta ɗaukar mafi araha. Wannan kuskuren fahimta ne da ya daɗe yana yawo a ofisoshi. Dokar Sayayyar Gwamnati ta 2007, wadda ta kafa Hukumar Kula da Sayayyar Gwamnati, BPP, ta yi magana ne a kan tayi mafi ƙarancin farashi daga cikin waɗanda aka tantance suka cika sharuɗɗa, ta kuma sanya samun abin da ya dace da kuɗin da aka kashe da dacewar kaya da aikin da aka saye shi dominsa cikin ginshiƙanta. Sharuɗɗan kuwa ofis ne ke rubuta su. Idan takardar neman farashi ta ce "kwanbatan Hilux guda ɗaya" ta yi shiru, to duk wanda ya kawo wani ƙarfe mai wannan siffa ya cika sharaɗi, kuma mai fenti ne zai ci. Laifin yana ga alƙalamin da ya rubuta buƙatar a dunƙule.

Gyaran wannan ba ya buƙatar sabuwar doka ko ƙarin kasafi. Kafin a amince da sayen komai, a tabbatar kwanbatan ne ya lalace. Karkarwa da zamewar giya suna iya fitowa daga tsohon mai ko ƙarancinsa, ko daga na'urorin lantarki da ke sarrafa giyar, kuma gwajin kwamfuta da duba launin mai da warinsa sun fi sauke giya sauƙi nesa ba kusa ba. Idan an tabbatar, takardar buƙata ta ƙunshi lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, da nau'in inji da na giya, da lambar kayan kamar yadda take a kundin kamfani. Kowane ɗan kasuwa ya rubuta a fili ko sabo ya kawo ko sabuntacce ko na hannu, da sunan kamfanin da ya ƙera shi, da garanti na watanni ko na kilomita wanda ya haɗa da ladan sake saukewa. Aikin ya ƙunshi wanke ko sauya na'urar sanyaya mai, da zuba ainihin man da kamfani ya ƙayyade, kamar nau'in WS da Toyota ta tanadar wa sababbin giyoyinta, domin man da bai dace ba yana kashe kwanbata mai kyau. A riƙe wani kaso na kuɗin sai motar ta yi tafiyar gwaji da kaya a irin hanyar da take aiki. Tsohon kwanbatan kuma ya dawo sito a rubuta shi, don kada ya sake dawowa ofis a cikin sabon kwali.

Direba da makanike na Mubi su ma a saurare su. Direban da ke hawa tudun Mandara kullum ya san lokacin da motarsa ta fara sauya hali tun kafin fitila ta kunna, amma sau da yawa ra'ayinsa ba ya shiga fayil. Littafin tarihin gyara da ke bin kowace mota, wanda ke nuna ranar da aka sauya mai da abin da aka ɗaura da wanda ya kawo shi, zai bai wa jami'in Abuja idon da ba shi da shi, ya kuma fallasa ɗan kwangilar da kayansa ke mutuwa kafin shekara.

Akwai tambaya mafi girma da ya kamata masu tsara sayen motoci su yi tun daga tushe, wato ko ofishin da ke bakin iyaka yana buƙatar otomatik. Giyar otomatik tana da daɗi a cunkoson Mararaba da Nyanya, tana kuma da amfaninta a yashi. Amma kulocin motar hannu abu ne da makanikan kowane gari suka sani, ana ganin lalacewarsa da ido, kuma motar tana tashi da turi idan batir ya mutu. Raba motoci iri ɗaya ga hedikwata da ƙauye, ba tare da duba inda za a gyara su ba, shi ne mafarin yawancin waɗannan fayiloli. Inda aka riga aka tura otomatik, to a yarda cewa kula da ita yana da farashi, a kuma tanade shi a kasafi.

Mataimakan manya da jami'an da ke tsara takardu ba su ne ke riƙe sufana ba, amma jimlar da suka rubuta ko suka bari ita ke zaɓar abin da za a ɗaura wa motar. Layi huɗu na ƙarin bayani a takardar neman farashi ba zai ci su minti goma ba. Rashin waɗannan layuka na iya sa ma'aikacin lafiya da direbansa su kwana a gefen hanya tsakanin Mubi da Michika suna jiran janwe, akwatin rigakafi na hucewa a bayan mota. Duk jami'in da irin wannan fayil ya zo gabansa ba tare da lambar shasi da lambar kaya da garanti a rubuce ba, abin da ya fi dacewa shi ne ya mayar da shi a cike gurbin kafin ya sa hannu.