Raƙumin Ruwa Ba Baƙo Ba Ne

Ya ku 'yan makaranta, akwai wata magana da mu ke ji a bakin waɗansu masu ilmin boko, wadda ba mu yarda da ita ba ko kaɗan. Wai tun da ƙasar Hausa ta yi nisa da teku, harshenmu ba shi da sunan motsin nan na ruwa mai tashi da kwantawa, sai an aro na Turanci. Ashe wanda bai ga teku ba bai ga Kwara ba, bai ga Tafkin Chadi ba?

To, ga sunaye har uku: raƙumin ruwa, da taguwar ruwa, da igiyar ruwa. Na fari da na biyu siffa su ka duba, watau tozon da ruwa ke yi in iska ta buge shi. Na ukun kuwa ya fi zurfi. Ku ɗaure igiya a jikin turke, ku kama bakinta ku girgiza. Za ku ga tozo ya tashi daga hannunku ya ruga har turke, amma igiyar tana nan inda ta ke. Haka ruwa ya ke yi. Ku jefa ɓawon gyaɗa a tsakiyar kududdufi, kāna ku jefa dutse kusa da shi. Zobba za su bazu har gaɓa, ɓawon kuwa sai ya hau ya sauka a wurinsa. Motsin ne ke tafiya, ba ruwan ba. Manomi ma ya san wannan, gama iska ta kan ratsa gonar gero tana rausaya shi, ba karan da ya bar gindinsa. Hatta sauti haka ya ke ratsa iska, yana cin kamar mita 340 a daƙiƙa guda.

Sai dai ku lura, mutane su kan ce igiyar ruwa ta tafi da wane, suna nufin gudun kogi. Wannan dabam ne, shi ne ke jan kwale-kwale daga Jebba zuwa Lakwaja. Kadan kuna rubutu, ku bambanta: mai jan kaya ku ce gudun ruwa, mai hawa da sauka ku ce raƙumi. Wanda ya gama su ba zai gane darasin sauti ba, ko ya haddace shi da Turanci.

Ba mu hana aro inda babu. Amma mai hatsi a rumbu ya tafi roƙon tsaba maƙwabta, wannan abin kunya ne. Ku tambayi masunta da Sarkin Ruwa tukuna, kafin ku ce Hausa ta gaza. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.