Sanarwar Bayan Taron Ƙungiyar Maƙera kan Karkacewar Ƙarfe Wajen Ban Ruwa

Ƙungiyar maƙera da masu ƙera kayan gyaran injina ta yi zama na musamman ranar Asabar, bayan koke-koken manoma da masu injin niƙa sun yi yawa a kan adduna, laujuna da sandunan injin da ke fitowa a karkace, wasu har da tsaga, bayan an ba su ruwa.

Mahalarta sun yi ittifaƙi cewa yawancin ɓarnar wajen tsomawa take faruwa, kuma gaggawa ce uwarta. Idan aka tsoma ƙarfen da ya yi ja, bakinsa mai siriri shi ke fara hucewa ya tsuke, alhali bayansa mai kauri na nan da zafinsa. Can kuma wurin da ya taurare sai ya ɗan kumbura. Wannan ja-in-ja tsakanin baki da baya ita ke lanƙwasa adda, in ta yi tsanani ta tsaga ta.

Don haka taro ya zartar cewa duk abu mai tsawo a tsaye za a tsoma shi, tsini a gaba, a riƙa motsa shi sama da ƙasa, ba hagu da dama ba. Sifirin mota, wanda galibin wuƙaƙenmu da shi ake yi, mai yake so, ba ruwa ba, kuma a ɗumama man tukuna da guntun ƙarfe mai zafi. An ɗan yi gardama a kan baƙin mai saboda hayaƙinsa da saurin kama wuta. Ba a hana shi ba, amma dole a yi aikin a sarari, da murfi a kusa.

Batun zafi ya fi cin lokaci. Maganaɗisu yana daina kama ƙarfe a wajen digiri 770, ban ruwa kuwa yawanci tsakanin 800 da 850 ne, wato ɗan ƙari kaɗan, ba a bar shi ya yi ɗorawa ba. Dattawa sun tunatar cewa hasken rana yana ruɗin ido, a duba launin a inuwa. Bayan tsomawa a goge, a mayar da shi kan wuta mai sauƙi nan take, har ya yi launin karan dawa busasshe in wuƙa ce, shuɗi in sifirin ne.

An hana miƙar da taurarren ƙarfe da masaba bayan ya huce. Rodin gini kuma ba a san jinsinsa ba, kada a sayar da shi da sunan ƙarfen wuƙa.

Wanda aikinsa ya karkace tun a maƙera, shi zai sake shi ba tare da ƙarin kuɗi ba. Muna roƙon masu kawo aiki su daina tsayawa a kan maƙeri suna cewa yau-yau suke so.

Sa hannu:
Sakatare, a madadin Shugaba